Lasisin Jan Waya

Duk ranar da Manaja ya durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifinsa yana gaisuwa da murya mai laushi, kowa a gidan ya san akwai ginin da za a miƙa wa mai shi. Shi ma tsohon ya sani. Idanunsa ne suka yi yana, kansa lafiya lau yake.

"Baba, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Manaja. Yau ina za a kai kayan?"

"Wane kaya kuma, Baba?"

"Ni mana. Ko akwai wani kayan da ake wankewa a sa wa hula?"

Manaja ya yi dariya, uwarsa ma ta yi daga kicin. Shi ma tsohon ya taya su, don ya lura in shi ya fara yi wa kansa ba'a, abin ba ya masa ciwo sosai.

A cikin masu sana'ar haɗa ƙararrawar gobara, Jan Waya ake ce masa, saboda a zamanin da yake hawa tsani ba ya yarda a ja masa kowace waya sai jar nan mai kauri wadda wuta ke daɗewa ba ta cinye ta ba. Shi ke da lasisi. Doka kuwa a fili take: ba a buɗe babban gini sai mai lasisi ya duba, ya gwada, ya sa hannu ya buga hatimi, cewa in hayaƙi ya tashi ƙararrawa za ta kaɗa. Manaja, babban ɗansa, ya yi ta zama jarrabawar lasisin har masu gadin ofishin suka saba da shi, bai ci ba. Sai aka raba aiki a cikin gida. Ɗa ya ɗauki kwangila da mota da ma'aikata, uba ya riƙe biro.

Matar tsohon, wadda duk gidan ke kira Mama, ita ke shirya shi. Ta sa masa rigar aiki mai ƙyalli, ta kifa masa hular kwano, sannan ta ɗauko baƙin tabarau. Shi ne babba a cikin kayan, don shi ke ɓoye farin da ya rufe ƙwayar idon.

"Kai, Malam, ka fito. Kamar shekarun baya."

"A shekarun baya ina ganin mai yabon nawa."

"A dai ƙara haƙuri. Yaron nan yana ƙoƙari."

Tun bara likita ya ce aikin idon ba wani abu ba ne, a kwantar da shi da safe, kafin mako ya zagayo yana gane fuskokin jikokinsa. Amma kullum da abin da ke tasowa. Da farko an ce likitan ya yi tafiya. Da ya dawo aka ce ana zafi, rauni ba ya warkewa da wuri. Da zafi ya wuce aka ce a bari a miƙa otal ɗin nan tukuna, don in an naɗe masa ido da bandeji yaya zai sa hannu? Wannan dalilin ya fi sauran ba shi dariya.

Abin da ba ya gaya wa kowa shi ne, fitar tana masa daɗi. Gaban mota, iska mai sanyi, ga mutane suna "Ranka ya daɗe, Injiniya." Yana tafe hannunsa a kafaɗar Manaja, masu gini suna cewa dubi yadda uba da ɗa suka shaƙu, ba su san jagora ake yi ba. Yakan tsaya ya ɗaga kai sama ya gyaɗa, ya ce, "Hmm." Wata rana ya wuce gona da iri, ya nuna wani abu fari-fari a silin, a zatonsa na'urar jin hayaƙi ce, ya ce, "Madalla, an kafa ta daidai." Manaja ya raɗa masa cewa ƙwan fitila ne.

Ranar da abin ya fara ɓaci, gidan ɗinki aka kai shi, wani bene mai hawa uku inda mata ke zama layi-layi a gaban keke suna ɗinka kayan makaranta. Ko'ina ƙanshin sabon yadi, ko'ina tarin ƙyalle. Mai wurin, mutum mai saurin magana, yana biye da su yana ta kaɗa makullai.

A gindin matattakala gwiwa ta riƙe tsohon. Ya dafa bango zai huta, sai hannunsa ya faɗa cikin wani akwatin haɗa waya da aka manta ba a rufe ba. Ya shafa. Waya ce siririya, laɓa-laɓa kamar igiyar takalmi, irin wadda ake ja wa lasifika. An murɗe bakinta da hannu an naɗe da salatif. Kuma bututu ɗaya suka shiga da wayar wutar ginin, jiki da jiki, yadda in waccan ta yi zafi ta kama, wannan ce za ta fara narkewa.

"Manaja, wannan wayar ta mece ce?"

"Ta intanet ce, Baba."

"Intanet ɗin da ya nufi akwatin ƙararrawa?"

Manaja ya janye shi da sauri. "Zo ka ji da kunnenka." Ya danna maɓallin gwaji a jikin akwatin. Ƙararrawa ta kece da ƙara, matan suka zabura suna salati, sannan suka fashe da dariya. Mai wurin ya tafa.

"Na ji tana da baki," in ji tsohon. "Hancin nake tambaya." Haka yake kiran ƙananan na'urorin nan masu kamar faranti da ake mannawa a silin su ji hayaƙi. "A hau sama a sa musu hayaƙi."

"Baba, gwiwarka."

"Ba ni zan hau ba. Kai ka hau, ni in tsaya nan in saurara."

Makullai suka daina kaɗawa. "Injiniya, lafiya dai? An ce mini sa hannu kawai ya rage. Ina da mata a kan keke, ina da masu jiran kaya."

Manaja ya ja mahaifinsa gefe, ya kawo baki kusa da kunnensa. "Baba, don Allah kada ka tozarta ni a gaban mutane. Saman ne kawai ya rage, kaya ne ba su iso ba. Wallahi kafin ƙarshen mako zan cire wannan in ja mai kyau. Ka rufa mini asiri."

Tsohon nan ne fa wanda ya taɓa sa aka ɓalle silin ɗin asibiti guda saboda haɗi ɗaya da bai yi masa ba. Ya ji numfashin ɗansa a kunnensa, irin numfashin da yake yi tun yana yaro in ya fasa abu. Aka sa masa biro a hannu, aka ɗora masa yatsa a inda layin yake. Ya sa hannu. Abin da ya fi ba shi haushi daga baya shi ne, hannun ko rawa bai yi ba.

Ƙarshen mako ya zo, aka ce kaya na hanya. Wani makon aka ce mai wurin ya hana a tsayar masa da aiki. Daga nan Manaja ya fara cewa, "An gyara, Baba," yana wucewa ba tare da ya tsaya ba.

Sai wata rana ana cin abincin rana, tsohon ya ajiye cokali ya ce ya daina sa hannu, sai an gyara masa ido ya hau ya gani.

Mama ce ta fara magana. "Malam, yanzu fa kowa haka yake yi. Jar wayar nan taka wa ke sayenta? In yaron nan bai karɓi aikin ba wani zai karɓa, ya yi wanda ya fi wannan muni. Gidan nan kuma da me za a riƙe shi?"

"Zamaninku daban ne, Baba," in ji Manaja. "Tsakani da Allah, duk gine-ginen da ka yi, a wanne gobara ta taɓa cin mutum?"

"Ba ko ɗaya."

"To ka gani? Duk wahalar banza kuka sha."



Ba wanda ya yi wa tsohon faɗa, ba wanda ya ɗaga masa murya. Komai cikin ladabi aka yi. Da farko hatimin ya bar akwatinsa, aka ce jikoki na wasa da shi, gara a adana. Sannan wayarsa ta hannu ta tafi gyara, ba ta dawo ba. Sannan aka ce za a yi wa ɗakinsa fenti, warin zai taɓa masa ƙirji, ya ɗan koma ɗakin baya na kwana biyu. Fentin ya bushe, aka sa tebur da kujera mai juyawa, ɗakin ya zama ofishin Manaja. In tsofaffin abokan aiki sun zo gaishe shi, yana jin muryar Mama daga zaure tana cewa, "Ayya, yanzu ya samu barci."

Gine-gine kuwa ba su daina buɗewa ba. Ya tambayi Mama wa ke sa hannu. Ta ce, "Ai hannunka da na ɗanka duk ɗaya ne, Malam. Jininka ne."

"Ashe har an yi mini ritaya daga zama biro," ya ce.

Yunwa dai ba a taɓa barinsa da ita ba. Maganin hawan jininsa ba ya yankewa, in ya yi tari sau biyu sai ga Manaja da kwalbar magani. Da farko abin ya taɓa masa zuciya. Daga baya ya tuna cewa lasisi yana mutuwa ranar da mai shi ya mutu, kuma duk shekara sai an kai shi ofis an gan shi da rai kafin a sabunta. Kulawar da ake yi wa janareto ake masa: a zuba mai, a canja baƙin mai, a ajiye shi a bayan gida don kada ƙararsa ta dami baƙi.

Ɗakin bayan nan ne ma'ajiyar kaya. Da yake ba shi da abin yi, sai ya riƙa bin kwalaye da hannu. Naɗi bayan naɗi na siririyar wayar nan. A can ƙurya ya samu naɗi ɗaya tak na mai kaurin, an yayyanka shi guntu-guntu, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba. Ya daɗe yana juya guntun a hannunsa kafin ya gane. A bakin akwati ake sa su, inda idon mai dubawa zai kai, sauran tafiyar cikin bango kuwa igiyar takalmi ce. Ya ce a ransa, yaron da ya kasa cin jarrabawa, ashe kan yana ja, ba a dai tambaye shi abin da ya iya ba ne.

Ya kira Mama ya nuna mata. Ta ce ita ba ta san waya ba. Ya ce a kai shi gidan ɗinkin nan. Ta ce mota ta fita. Ya ce a kira masa Auta, 'yarsu da ke aure a nesa. Ta ce, "Kana so ka ɗaga wa yarinya hankali da tsohon ciki?" Ya yi niyyar fita da kansa, ya kai har ƙofar zaure, ya ji ƙarar babura na wucewa fuu, ya tsaya. Ya gaya wa kansa gobe. Ya dawo ya ci abincinsa, har da neman ƙari.

Da tsakar rana abin ya faru. Yana zaune a bakin katifa ya jiyo jiniyar 'yan kwana-kwana can nesa, ɗaya na bin ɗaya. Bai kawo komai a ransa ba, gari ne babba. Sai da la'asar ya ji mota ta tsaya, ba a rufe ƙofarta ba, ya ji Mama ta ce "Innalillahi" da wata irin murya. Aka turo ƙofar ɗakin baya. Manaja ya zube a ƙasa, yana warin hayaƙi.

Dutsen guga ne aka bari a kan tarin yadi a hawa na biyu. Wutar ta daɗe tana ci a cikin ƙyalle, hayaƙi na taruwa a silin, ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Na ƙasa sun fita. Na sama ba su sani ba sai da matattakala ta toshe. Wasu suka diro ta taga, aka kwashe su da karaya. Wata yarinya mai sa maɓalli, a ɗakin ƙurya na can sama, ba ta fito ba.

Tsohon bai yi kuka ba. Ya nemi abin ba'ar da zai yi wa kansa, a karon farko ya rasa.

Kafin ranar da hukumar lasisi ta kira su, aka yi zama a ɗakin bayan, a kan kwalaye. Rabon da mutum biyu su zauna da shi lokaci ɗaya har ya manta.

"Baba, sunanka ne a kan komai," in ji Manaja. "Ni ba sunana ko'ina. Kai dattijo ne, ga rashin lafiya, ba alƙalin da zai rufe ka. Ni kuwa in na shiga, na shiga ke nan. Yarana ƙanana ne."

"Me kake so in ce?"

"Ka ce ma'aikata ne suka cuce ka, sun gudu. Ni direbanka ne kawai, ina kai ka ina dawo da kai."

"Direba." Tsohon ya gyaɗa kai. "To ai an samu ci gaba. Da kaya ne ni, yanzu ina da direba."

Mama ta kama ƙafarsa tana kuka. "Malam, ɗanka ne. Wadda ta tafi ta riga ta tafi, kwananta ne ya ƙare. In an ɗaure shi za ta dawo ne?"

Wannan karon ba a sa masa hular kwano ba, ba a ba shi tabarau ba. Mama ta ce a bar idon a fili, su gani su ji tausayi.

A ofishin hukumar aka zaunar da shi gaban wani dogon tebur. Shugabar zaman mace ce mai sanyin murya. Ta sa aka miƙa masa wani abu a hannu. Hanci ne, ya ƙone gefe guda. Ya juya bayansa ya shafa inda waya ke shiga. Ramukan a rufe suke, sukurorin ba a taɓa kwance su ba. An dai manna shi a silin ne kamar ado.

"Duk na hawa na biyu da na uku haka muka same su," in ji ta. "Baba, sa hannun da ke kan takardar miƙa ginin, naka ne?"

Da ma a ce na jabun ne. Amma wannan nasa ne, da yatsunsa.

"Nawa ne."

"Ka gwada kafin ka sa?"

"Na ji ta kaɗa daga ƙasa."

"Kana gani kuwa?"

"Ina bambance dare da rana."

Wani a gefe ya yi tsaki. Shugabar ta ce, "Wa ya ja wayar?"

Yana jin Manaja a bayansa, yana wannan numfashin. Ya tuna jikarsa ƙarama, wadda ita kaɗai ke shigowa ɗakin baya ba a aike ta ba, ta zauna a cinyarsa tana ja masa gemu.

"Ma'aikatana ne," ya ce. "Sun gudu."

Aka soke lasisin nan take, har abada, aka tura maganar kotu. Kotu ta dubi shekarunsa da idonsa ta yi masa ɗaurin talala. Lissafin Manaja ya fita daidai, bai kuskure ko kaɗan ba.

Amma a ranar zaman hukumar, suna fitowa baranda, Manaja ya tafi juyo mota ya bar shi jingine da bango. Sai ya ji mutum ya tsaya a gabansa.

"Kai ne Injiniyan?" Muryar dattijuwa ce.

"Ni ne."

"Ni ce uwar yarinyar." Ta ja numfashi. "Na zo ne in ga fuskar mugun da ya yi wannan. Sai na ga kai ne. Tsohon wurin da take aiki, ƙofa ɗaya ce, kullum ina cikin fargaba. Da suka koma sabon ginin ta ce, Umma, ki kwantar da hankalinki, nan har ƙararrawa gare su. Ta ce ranar da aka gwada, wani dattijo mai hula ya zo da kansa, ta ji ƙarar har cikin haƙoranta."

Ya so ya durƙusa, gwiwar ta ƙi. Ya ce, "Ki yafe mini," da wata murya da shi kansa bai gane ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ya ji takalminta na ja a kan siminti har ya ɓace.

A gida an yi masa godiya kwana biyu. Manaja ya ce ba zai taɓa mantawa ba. Daga nan maganin hawan jini ya fara yankewa. In ya yi tari, sai dai bango ya amsa. Da ya ɗago maganar ido, Mama ta ce, "Haba Malam, kamfani a rufe, kai ma ka san halin da ake ciki." Bai yi musu ba. Yanzu ma ba ya ɗokin ganin fuskar kowa, balle tasa.

Sai dai kwalayen ba su daina fita ba. Da safe yakan ji ana jan su, ana loda mota.

"Ina ake kai wayar nan?" ya tambayi Mama da ta kawo masa shayi.

"Aiki mana. Za a zauna ne a mutu? Ai Allah ya rufa asiri, Dogo ya yarda."

Dogo abokin aikinsa ne tun suna samari, tare suka ci jarrabawa, tare suka yi ta hawa tsani. Shi ma ya ajiye aiki, amma lasisinsa na nan da rai.

Tsohon ya ajiye kofin. Ya jira sai da ya ji Mama ta shiga wanka, ya lalubi sandar tsintsiya a bayan ƙofa, ya fita. Babura na nan yadda ya bar su. Ya bi jikin bango, yana ƙwanƙwasa ƙasa. Gidan Dogo ba nisa, ƙafarsa ta san hanya, sai dai hanyar ce ta canja ba ta gaya masa ba: inda ya san fili ya tarar da shago, inda ya san gada ya tarar da rami. Ya zurma cikin kwata har gwiwa. Wata mai sayar da lemo ta ciro shi tana, "Sannu Baba, ina masu kula da kai?" Ya ce, "Suna wurin aiki." Ita ta riƙe masa sanda har ƙofar gidan.

Ya samu Dogo a zaure. Ya rungume shi, hannunsa ya ji sabon yadi mai sitaci.

"Jan Waya! Kai ne haka? Me ya samu ƙafarka?" Dogo yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren titi.

"Bar ƙafata. Dogo, ɗana ya zo wurinka?"

"Yaron kirki! Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa. Ka ga rigar nan? Shi ya kawo. Ya ce in riƙa fita ina motsa jini."

Tsohon ya zauna ya zayyana masa komai, bai rage ba: siririyar waya, guntayen ja a bakin akwati, hancin da ba a haɗa ba, yarinyar da ke ɗakin ƙurya, da abin da ya faɗa a gaban hukuma. Abin da ya kasa faɗa a gaban dogon tebur, ya faɗe shi a zauren Dogo, da wando jiƙe da ruwan kwata. Dogo yana ta "Uhm, uhm," yana bubbuga masa gwiwa.

Da ya gama, Dogo ya ce, "Ai haka ne. Ma'aikatan yanzu ba amana. Ya gaya mini yadda suka cuce ka."

"Ba ma'aikata ba ne! Shi ne!"

"Shi ne mana, shi ya gaya mini." Dogo ya sassauta murya kaɗan. "Jan Waya, kada ka ga laifina. Nawa 'ya'yan, rabon da wani ya tako zauren nan tun rasuwar uwarsu. Sai dai saƙo. Ina zaune nan daga safe har yamma kamar turmi. Yaron nan ya zo ya ce, Baba Dogo, muna buƙatarka. Ka san yaushe rabon da wani ya ce yana buƙatata?"

Tsohon ya sani. Ya san daɗin gaban mota. Haka ake samun su, ba a sace lasisin kowa, ba a ƙwace ba. Ana nemo dattijon da gidansa ya gama da shi, a durƙusa masa, a kira shi Injiniya. Hukuma tana ganin suna mai tsabta a kan takarda, mai gini yana ganin furfura, matan da ke kan keke suna ganin faranti fari a silin su kwantar da hankalinsu.

Ya kamo hannun abokinsa ya riƙe gam.

"To, na ji. In ka ƙi ji duka, riƙe guda ɗaya, don girman Allah. Idonka garau yake, ba irin nawa ba. Kada ka yarda da maɓallin ƙasa. Ka hau kowane hawa da ƙafarka, ka sa a yi hayaƙi a gabanka, kuma kada ka sa hannu sai ka ji ƙararrawar ta kaɗa da kunnenka."

Tsohon ya ji kujera ta matso, ya ji numfashin abokinsa dab da fuskarsa.

"Ka ce me? Ɗaga murya, Jan Waya. Kunnen nan ya kwana biyu da tafiya."